Kwalbar Da Na Kai Wa Malam Yohanna

Kwarbai, Birnin Zazzau.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki lafiya, Ya sa kin sauka Kalaba kalau, Ya tsare ki a masauki kamar yadda Ya tsare ki a hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a wannan shekara ta bautar ƙasa. Na ba mamanki takardar ta sa miki a ƙasan akwati, na ce kada ta gaya miki, don na fi so ki karanta bayan kin yi nisa. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Akwai maganar da ba zan iya yi ina kallon idonki ba.

Ranar Laraba ina alwala a tsakar gida kika tambaye ni, "Baba, an ce gidan wata malamar makaranta Kirista za a sauke mu, kuma Kirsimeti za ta same ni a can. Me ya kamata in kai musu?" Na ce ki kai abin da ya sawwaƙa, na ɗauki hulata na tafi masallaci alhali ba a ma kira salla ba. Na san kin lura. Ba raina tambayar na yi ba. Tambaya ce da na taɓa amsa wa kaina ba daidai ba, kuma har yau ban gama gane inda kuskuren ya fara da inda ya ƙare ba.

Kin san Malam Yohanna, mai aiko mana da citta da acca duk shekara. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda na kusa rasa shi. Lokacin kina aji huɗu a firamare, ni da shi muna ofis ɗaya a harabar jami'a ta Kongo, sashen da ake ajiye fayilolin ɗalibai. Teburinsa na kallon nawa, tafireta ɗaya muke karɓa-karɓa. Mutumin kudancin Zariya ne, amma Hausarsa ta fi ta wasunmu tsabta. Idan azahar ta yi shi ke ɗago kai ya ce, "Malam Sani, lokaci ya yi, je ka, zan kula da ƙofa." Shekara bakwai muna haka.

A damunar wannan shekarar Inna, kakarki, ta kwanta asibiti aka ce sai an ƙara mata jini. Aka gwada nawa bai yi ba, aka gwada na Yaya Usman bai yi ba. Malam Yohanna ya zo dubiya ne kawai da lemo a leda, ya ji ana maganar, ya naɗe hannun riga ya ce a gwada nasa. Ya yi daidai. Aka ɗiba, ya sha shayi, ya hau kekensa ya koma aiki. Inna ta tashi, ta ƙara shekara shida a duniya.

Daga ranar nauyinsa ya hana ni sakat. Kowace Salla yana shigowa birni da matarsa Saratu su ci nama su yi mana barka, ni kuwa ban taɓa taka gidansa ba, ko ranar bikinsu. Na ƙudurta cewa wannan Kirsimeti zan je, kuma zan je da abin da zai nuna masa na san abin da ya yi.

Sai dai ban san me ake kaiwa ba. A nan kuskurena na farko yake. Duk watan Disamba ina ganin ana shigo wa manyanmu da kwanduna a ofis, an lulluɓe da leda mai ƙyalli, a tsakiya kwalba a tsaye an ɗaura mata jan zare a wuya. Na ɗauka haka al'adar take. Don in tabbatar, na tari wani Bature malamin shari'a da ke yawan zuwa neman fayil, na tambaye shi abin da ake kai wa aboki ranar Kirsimeti. Bai ko yi tunani ba ya ce jan ruwan inabi mai kyau, har ya rubuta mini suna a takarda. Na gode masa.

Ki duba abin da na yi. Mutumin da zan kai wa kyautar yana zaune taku uku daga gabana, matarsa ta san ɗakin mamanki, amma na tafi na tambayi wanda aka haifa a ƙasar da ko rana ba ta isarsu. A raina Kirista duk ɗaya ne, abin da Bature ya ce shi ne abin da mutumin Kagoro yake yi. To Ummi, idan za ki yi wa mutum kyauta ki tambayi mutumin, ko wani na cikin gidansa. Za ki ji kunya, za ki ga kamar tambayar ta rage wa kyautar armashi. Ki yarda ta rage. Mutanen da za ki zauna da su ba addininsu kawai ba ne, kowane gida da abin da ya ɗauka da abin da ya bari, kamar yadda gidanmu da na maƙwabta ba komai muke yi iri ɗaya ba.

Ranar Alhamis bayan an tashi aiki na hau Vespa na nufi Sabon Gari. Na wuce kantin sau biyu kafin na tsaya. Na miƙa wa mai kantin takardar Bature, ya sauko da kwalba doguwa mai duhu. Na ce masa, "Wannan ba giya ba ce ko?" Ya dubi rigata da hulata, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, wannan wayin ne. 'Ya'yan itace ne. Ko a coci ana sha." Na ce, "To tana bugarwa?" Ya ce, "Sai in mutum ya sha da yawa."

Na karɓi wannan amsa. Ni da na tashi a zauren Baba, na haddace tun ban yi gemu ba cewa ba mai sha kaɗai ke da laifi ba, har mai saye da mai ɗauka. Na sani sarai. Amma na tsaya a gaban kanta ina gaya wa kaina ai ruwan inabi ne, ai ba ni zan sha ba, ai a addininsu halas ne, ai godiya zan yi. Kowace hujja da na kawo sai in ji ta zauna, in na haɗa su duka kuma sai in ji ƙirjina bai yarda ba. Na biya, aka naɗe mini a takarda mai hoton taurari, na sa a ƙasan kujerar Vespa. Ina tayar da ita na hango Alhaji Garba na layinmu, mai sayar da kayan keke, a tsallaken titi yana kallona. Na ɗaga masa hannu, ya ɗaga mini.

Wannan shi ne na biyu, kuma shi ne wanda na fi tabbata kuskure ne. Duk ranar da kika ji kina nema wa abu sabon suna don ki samu damar taɓa shi, ki tsaya. Ba sai wani ya gaya miki ba, za ki ji a jikinki, domin abin da yake daidai ba ya buƙatar hujja huɗu. Amma kuma ba zan ɓoye miki ba, niyyata a ranar mai kyau ce, kuma na sha zama ina tambayar kaina yadda niyya mai kyau ta kai ni ƙofar wannan kanti. Ban samu amsar da ta gamsar da ni ba. Abin da na iya fahimta kawai, na fi damuwa da in sauke nauyin da ke kaina fiye da in faranta wa Yohanna. Wataƙila shi ne. Wataƙila kuma ina tsananta wa kaina ne.

Kirsimeti sai Lahadi, don haka kwalbar ta kwana uku a gidan nan. Na shigo da ita ta Ƙofar Doka ina jin kamar duk wanda na gaisa da shi yana ganin cikin kujerar. Na ɓoye ta a kabad, bayan manyan rigunana na Juma'a, ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar da hantsi mamanki ta je ɗauko riga za ta ba wanki. Na dawo daga kasuwa na tarar da ita zaune a bakin gado, takardar taurari a buɗe, kwalbar a ƙasa nesa da ƙafarta.

Ta ce, "Malam, tun yaushe?"

Na ce, "Tun yaushe me?"

Ta ce, "Tun yaushe kake sha?"

Na rantse mata ban taɓa ba, na gaya mata ta Yohanna ce. Ta ce, "In tasa ce me ya sa ka ɓoye mini? Kuma ni Saratu ba ta taɓa ce mini mijinta yana sha ba." Na ce ai ba komai mace ke faɗa ba, kuma ita ba ta san al'adarsu ba. Na faɗa da tsawa, irin ta wanda ba shi da gaskiya. Ta tashi ta ɗebo ruwa ta wanke hannunta har gwiwar hannu, ta kwashe rigunan nan duka ta ba wanki, har waɗanda ban sa ba.

Da na saurare ta a ranar da maganar ta ƙare a nan. Ita kaɗai ce ta faɗi gaskiyar lamarin, na kuwa rufe mata baki don na riga na saya, ina jin kunyar a ce na yi wauta. Ki kiyayi wannan, Ummi. Abin da kika ga kina ɓoye wa wanda ya fi kowa kusa da ke, ki sake dubansa. Kuma in an nuna miki kuskure kina tsakiyarsa, komawa baya ba ta da zafi kamar yadda ake zato. Ni dai ban koma ba.

Ranar Lahadi bayan azahar na sa farar riga na tafi. Gidansu yana can gindin dutsen Kufena, gida ne mai ɗaki uku da bishiyar gwaiba a tsakar gida. Na tarar an dawo daga coci, falo cike da baƙi, ana cin shinkafa da kaza. Da Yohanna ya gan ni ya miƙe da sauri har ya ture kofi. Ya riƙe hannuna ya zagaya da ni yana cewa, "Ga ɗan'uwana daga birni." Ya gabatar da ni ga fastonsu, wani dattijo mai tabarau, da wasu mutum uku da ya ce dattawan coci ne, shi Yohanna ne na huɗunsu. Sai a lokacin na san yana da wannan muƙami. Saratu ta ce kazar Musulmi ne ya yanka, tun jiya ta tanada ko da zan zo. Wato sun yi tunanin abin da zan iya ci.

Na miƙa masa ƙunshin da hannu biyu. Na so ya ajiye, amma baƙi suka ce a buɗe a ga abin da mutanen birni suka kawo. Ya warware takardar a hankali don kada ta yage. Kwalbar ta fito.

Fasto ya cire tabarau ya goge ya mayar. Saratu ta sunkuyar da kai ta fita. Ni kuwa ina murmushi, ina jira a yaba, har sai da na ga fuskokinsu sannan murmushin ya bushe a bakina. Yohanna ya dubi kwalbar, ya dube ni, ya dubi fasto. Sai ya ce, "Na gode, Malam Sani. Allah Ya saka da alheri." Ya tashi ya kai ta ɗaki ya dawo ya zauna, ya ce a ƙara mini shinkafa.

Da zan tafi ya rako ni wajen Vespa. Muka tsaya a inuwar katanga.

Ya ce, "Malam Sani, shekara bakwai muna ɗaki ɗaya. Ka taɓa jin warin giya a bakina?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Kai fa, kana sha?"

Na ce, "Allah Ya kiyaye."

Ya ce, "To ni ba na sha, kai ba ka sha. Wa ka saya wa?"

Ya gaya mini burkutu ce ta kashe mahaifinsa, ya bar su su shida. A cocinsu ba a sha ko kaɗan, kuma shi ne ake turawa gidajen masu sha ya yi musu faɗa. Ba da fushi ya faɗa ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Na ce ya ba ni in tafi da ita. Ya ce, "Kyauta ce, na riga na karɓa a gaban mutane. Sauka lafiya, ka gaida Inna."

Kafin sati ya zagayo magana ta tashi ta fuska biyu. A Kwarbai, Alhaji Garba ya gaya wa mutum ɗaya abin da ya gani a Sabon Gari, mutum ɗaya ya gaya wa unguwa. Ba na ganin laifinsa sosai, abin da ya gani ya faɗa. Kin san Yaya Usman shi ne na'ibin liman a masallacinmu, kuma in ba ya nan ni nake ja. Ranar wata Talata bai zo la'asar ba, aka ta da iƙama, na matsa gaba kamar kullum, sai wani dattijo ya riƙe gefen rigata ya tura wani. A wannan makon ne kika dawo daga makarantar allo kina kuka, kika ce yara sun kira ki 'yar mashayi. Na ce miki ƙarya suke yi, ban ƙara komai ba. Ina jin kin tuna. Yau ga sauran maganar.

A can gindin Kufena kuma dattawan coci suka ce in abokin da ya fi kowa sanin Yohanna a wurin aiki ya zaɓo masa giya, to ya san abin da yake so ne. Kuma ga shi ya karɓa har da godiya. Suka ce ya dakata da aikin dattijo sai an bincika.

Da aka koma aiki a Janairu ya shigo da jaka, ya rufe ƙofa, ya fito da kwalbar ya ɗora a kan teburina. Ya ce, "Saratu ta ce ba za ta sake kwana a gidanta ba. Ban iya ba wani, don in na ba wani na zama mai raba giya. Ban kuma iya zubar da kyautar aboki ba tare da saninsa ba. Yaya za mu yi?" Na ce ni ma ba zan iya shiga birni da ita ba. Na ce ko a kai wa Bature. Ya ce, "Wannan ai kyautar giya ce ta biyu." Na ce ko a mayar kanti. Ya ce, "Wa zai kai? Kai ko ni?" Muka zauna muna kallonta, manyan mutane biyu masu iyali. A ƙarshe muka sa ta a durowar ƙasa ta kabad ɗin fayiloli, bayan takardun ɗaliban da suka daɗe da gamawa, muka kulle. Ta yi wata guda a wurin. Duk wanda ya shigo neman tsohon fayil sai mu miƙe tare.

A ranar ya ji abin da ake faɗa a kaina a unguwa. Ban roƙe shi komai ba. Ranar Asabar da safe sai ga shi a kan keke a ƙofar zauren Yaya Usman, ya cire takalmi ya zauna a tabarma a gaban almajiran ilimi da dattawan layi, ya ba da labarin tun daga asibiti har zuwa falonsa. Ya ce, "Ɗan'uwanku bai sha ba. Rashin sani ne ya kai shi, da son ya gode mini." Yaya ya kira ni ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba tun rasuwar Baba, ya ce in yi istigfari, na yi. Inna da ta ji ta aiko aka kira ni ɗakinta. Ta ce, "Jinin bawan Allahn nan yana yawo a jikina, abin da ka ga ya dace da shi ke nan?" Amma maganar unguwa ta fara kwanciya daga ranar.

Sai shi ma ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce dattawansu suna zama duk Laraba da yamma, in zo in gaya musu da bakina. Na ce to. Laraba ta zo na ce Inna ba ta jin daɗi. Ta biyu na ce an yi mana rasuwa a Tudun Jukun, alhali rasuwar ta kwana biyar. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Yanzu aka fara daina cewa ina shan giya, in aka gan ni ina shiga coci me za a ce? Ina zaune ina kallonsa yana buga tafireta, ya rame, ba ya tambayata, sai dai in azahar ta yi ya ce, "Lokaci ya yi, je ka." Wannan ya fi komai ci mini rai, kuma duk da haka sai da na ƙara sati.

Cikin duka kurakuran nan wannan ne nake jin kunyarsa har yau. Sayen kwalba rashin sani ne da son zuciya. Wannan kuwa da sanina na bar mutum cikin zargin da ni na jefa shi, don in kare sunana, bayan shi ya shigo har zaurenmu bai tsaya tunanin nasa ba. Ummi, in kika jawo wa wani matsala, ki je ki gyara a ranar da aka ce ki zo. Kada ki jira sai kin ji ƙarfin zuciya, ba ya zuwa. Ni ranar da na tafi ma da tsoron na tafi.

Laraba ta huɗu na je. Ba cikin cocin ba ne ma, wani ƙaramin ɗaki ne a gefe mai benci biyu. Na faɗi komai, har da takardar Bature da abin da mai kanti ya ce. Wani tsoho a cikinsu ya tambaye ni, "A addininku an yarda ka saya?" Na ce ba a yarda ba. Ya ce, "A namu cocin ba a yarda ya sha ba. To kai ka saɓa naka don ka ba shi abin da zai saɓa nasa?" Na ce haka ya zama. Ya girgiza kai, ya ce shi a shekarunsa bai taɓa jin irin wannan ba, wani kuma ya kasa riƙe dariya. Fasto bai yi dariya ba. Ya juya wajen Yohanna ya ce, "Mun ji ba ka sha. Amma me ya sa ka karɓa, har ka sa albarka?" Yohanna ya ce, "Baƙona ne. Karo na farko ke nan da ya taka gidana. Da na mayar masa a gaban mutane, da bai sake zuwa ba." Fasto ya ce, "Da ka faɗi gaskiya cikin ladabi." Yohanna ya ce, "Wataƙila." Suka mayar da shi aikinsa bayan sati biyu.

Kwalbar kuwa washegarin wannan Larabar da rana muka fitar da ita bayan ofis, gindin wata bishiyar dogonyaro. Ba mu da abin buɗewa, don toshiyar ba irin ta lemo ba ce, sai da muka tura ta ciki da biro. Shi ya riƙe, ni na karkata, muka tsiyaye ta a ƙasa. Wari ya tashi, mai tsami, ya kama hannun rigata. Wani akawu ya zo wucewa ya shaƙa, ya dube ni, ya dubi Yohanna, ya wuce. Muka koma ofis muka wanke hannu da sabulu.

Kirsimetin da ta biyo baya na aiki mamanki ta tambayi Saratu. Ta ce alkakin Inna take so, da man shanu in an samu mai kyau. Abin da muke kaiwa ke nan har suka koma gida bayan ya yi ritaya. Don haka amsar tambayarki mai sauƙi ce: ki tambayi matar gidan ko 'yarta, ki kai abin da ke ma za ki iya ci tare da su. Mamanki ta sa miki kilishi da dakakken yaji, ki ajiye wani don ranar.

Abin da ba ni da amsarsa shi ne ɗaya gefen. Inda za ki, wata rana wani zai iya miƙo miki irin wannan ƙunshi da zuciya ɗaya, a gaban mutane, yana murmushi yana jira ki yaba, kamar yadda na tsaya a falon nan. Na tambayi Yaya Usman, ya ce kada ki karɓa, ki yi bayani da taushi. Na san hukuncin ke nan, kuma shi nake so ki bi. Amma na kuma san cewa da Yohanna ya bi irin wannan shawara a ranar, da kunya ta kore ni daga gidansa har abada, da ba ki san shi ba. Ya karɓi abin da bai kamata ya karɓa ba, ya sha wuya a kai, kuma da wannan ne ya riƙe ni. Na kasa cewa ya yi daidai, na kasa cewa ya yi kuskure.

Bara da na je duba shi a ƙauyensu, ƙafa ta hana shi fita, muna zaune a ƙofar gida na tambaye shi. Na ce, "Da za a sake, za ka karɓa?" Ya ce, "Wallahi ban sani ba, Malam Sani. Kai fa, da ni na kawo maka har Kwarbai, a gaban Malam Usman?" Na buɗe baki in ce da na ƙi, sai na ga ban tabbata ba. Na ce masa ni ma ban sani ba. Ya ce, "To ka ga." Saratu ta kawo mana kunu muka sha.

Iyakar abin da zan iya ba ki ke nan. Ki ƙi abin, amma ki nemi hanyar da ba za ki ƙi mutumin ba. Yadda ake yin haka a cikin daƙiƙa ɗaya, ana kallonki, ni ban iya ba, ban kuma ga wanda ya iya sosai ba. Ina fata ki fi mu.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki gaida matar gidan da za ki zauna, ki ce mahaifinki yana godiya tun kafin ya san ta. Ki rubuto da zarar kin samu akwatin gidan waya. Mamanki da ƙannenki da Yaya Usman duk suna gaishe ki.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na ruwa da na mutane, Ya ba ki basirar da ta fi tawa a lokacin da za ki buƙace ta, Ya dawo mana da ke gida lafiya. Allah Ya jiƙan mai sunanki, Ya yi miki albarka. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Muhammadu Sani.